Musa, Mahmudu da aku: a cikinsu wa ya riƙe amana?

Duk wanda ya karanta littafi na farko na Magana Jari Ce ya san yadda aka gina shi. Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi da Sarkin Sinari, ya tafi da Mahmudu, ya bar ɗansa Musa a gida. Musa da Mahmudu tare suka tashi, ba su saba rabuwa ba, shi ya sa kullum dare ya yi sai Musa ya yi shirin bin sawun amininsa. Aku kuwa sai ya ɗauko labari ya riƙe shi har gari ya waye. A waje ga Waziri na jiran yaron ya bar gidan sarki don ya ga bayansa. Tun 1937 Abubakar Imam ya fitar da littafin, kuma har yau yawancinmu labaran aku muke tunawa, mu manta da abin da ya sa ake ba da su.

Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne, son da Musa ke yi wa Mahmudu shi ne ƙofar da mutuwa za ta shigo ta ciki. Imam bai zana Musa a matsayin wawa ko mugu ba. Yaro ne mai zuciya, wanda ke jin kunyar ya kwana a kan gado abokinsa na fagen fama. Wannan kunyar ce Waziri ke bukata. Da Musa matsoraci ne, ko mai son kansa, da makircin bai sami wurin tsayawa ba. Kun ga ke nan marubucin ya ɗauki halin da kowa ke yabo ya nuna mana inda yake yoyo.

To, mu dubi labaran da muke kawowa zamanmu na karatu. Aminai biyu ne kullum: ɗaya ya ci amana, ya kwashe kuɗi ko budurwa, a ƙarshe ya haukace ko mota ta take shi, ɗayan kuma ya yi haƙuri, Allah ya ɗaukaka shi. Wallahi na gaji da wannan motar. Amana a wajenmu ta zama abu biyu kawai, kada ka tona mini asiri, kuma duk inda na nufa ka biyo ni. Ban taɓa jin wani a cikinmu ya rubuta aminin da ya tare hanya ba.

Alhali a zamanmu na yau da kullum nan ne maganar take. Kowa ya san fada: tabarma, butar shayi, ƴan karo-karo in wani zai yi aure ko suna. Alheri ne babba, kuma da yawa daga cikinmu da suka baro Guna zuwa lakwal a Mirya ko Damagaram, abokan fada ne suka ba su wurin kwana da tuwon dare. Amma a kan tabarmar nan ake ƙulla tafiya. Tun da zinariya ta ɓulla a Jado a 2014, samari nawa suka hau mota zuwa arewa don kawai aboki ya ce mu tafi? Haka tafiyar Libiya da Aljeriya ta hanyar Agadas. Wanda ya ce a dakata, a bari damina ta wuce, ko a bari a yi jarrabawa, sai a ce ya ji tsoro, ko yana baƙin ciki. Aikin aku ke nan, kuma a fada ba a ba mai yin sa sarauta.

Fim ɗin Zinder na A'isha Maki, wanda ya fito a 2021, ya shiga unguwar Kara-Kara ya nuna samarin fale, waɗanda ƙungiyarsu ta zame musu uwa da uba. Na ga mutane sun fito daga kallonsa suna maganar ƙarfe da ƙwanji. Ni abin da na gani shi ne Musa, birjik: yara masu iya shiga wuta saboda junansu, kuma wannan halin ne ke kai wasunsu kaso.

Sai dai kada mu yi wa aku kirarin da ya wuce nasa. Saye aka yi, sarki ya damƙa masa tsaro, kuma da ƙura ta lafa shi ya zama waziri. Amanar da ya riƙe ta ubangida ce, da ladanta a gaba. Ban da haka, da dabara yake riƙe Musa, ta hanyar labari, kamar yadda ake lallashin yaro ya sha magani. Aminin gaskiya ba shi da wannan damar. Dole ya dubi idonka ya ce kada ka tafi, ya san mai yiwuwa zumuncin ya mutu a daren. A nan nake ganin Imam ya sauƙaƙa wa kansa: ya ba tsuntsu aikin da ya fi ƙarfin mutum, don tsuntsu ba ya jin ciwon a kira shi matsoraci. Shi kuwa Mahmudu, wanda ake shirin mutuwa dominsa, a yawancin dararen nan suna ne kawai da ake ambato.

Abin mamaki, abotar da ta fi kama da tamu tana cikin Ruwan Bagaja na 1934, tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Gari bayan gari suna haɗuwa, kowa na jefa ɗan'uwansa cikin wahala yana dariya, gobe a rama. Ba wanda zai kira wannan amana a huɗubar Juma'a. Amma akwai sanin juna a ciki, kowa ya san iyakar wayon ɗayan, ba mai yi wa wani kallon waliyyi. Haka muke da abokanmu: a ci bashin jaka biyu a ƙi biya, a yi gaba mako guda, ranar da mahaifinka ya kwanta asibiti shi ne farkon zuwa da kabu-kabu.

Labarin da nake jira a ɗan littafinmu na gaba shi ne na saurayin da ya ɓoye wa amininsa kuɗin mota a daren tafiya Agadas. Marubucin ya bar motar ta tashi babu shi, ya bar mu da su biyun washegari a fada, shayi na tafasa, kuma kada ya gaya mana ko motar ta isa lafiya.