Ƙoƙo ya cika, amma ina za a kwana? Karatun La Grève des bàttu daga Kalley

Ƴan uwa ɗalibai, da yawa cikinmu mun haɗu da wannan littafi a lise, muka haddace sunayen mutanen ciki saboda jarabawa, muka ajiye. Ni ma haka na yi. Sai bana da hutu na sake ɗauko shi, na karanta a ƙofar gidanmu nan Kalley, inda almajirai ke wucewa safe da yamma. Wallahi sai na ga kamar da unguwarmu ake.

Aminata Sow Fall, ƴar Senegal, ta fitar da shi a 1979. Bàttu a harshen Wolof shi ne ƙoƙon bara, wato sunan littafin yajin aikin masu ƙoƙo. Labarin gajere ne. Wani babban ma'aikaci, Mour Ndiaye, ya sa yaronsa Kéba Dabo ya kori mabarata daga tsakiyar gari don kada su ɓata wa ƴan yawon buɗe ido rai. Aka yi ta kamu da duka har wani mabaraci, Madiabel, ya mutu. Mabarata suka tattara suka koma gidan wata mata, Salla Niang, can bayan gari, suka daina fita. Ana nan sai Mour ya ɗora ido kan kujerar mataimakin shugaban ƙasa. Malami ya ce masa ya yanka sa, ya kasa naman kashi 77, ya raba wa mabarata a titunan gari. To ina mabaratan? Shi da kansa ya kore su. Ya bi su har gida yana roƙo, suka ƙi fitowa, kujera ta wuce shi.

Inda littafin ya yi ƙarfi shi ne ya juya tambayar da muka saba yi: tsakanin mai bayarwa da mai karɓa, wa ke buƙatar wani? A nan ni ma ya kama ni. Ana saura kwana biyu in shiga bak, Inna ta ba ni ƙosai a leda ta ce malam ya ce a kai wa makaho. Na zaga bakin Babbar Kasuwa har na samu wani tsoho a gindin bango. Na ce, "Baba, ga sadaka." Ya karɓa, ya sa albarka, ya shafa ledar ya yi dariya, ya ce, "Ɗana, kai ma jarabawa ce ko? Yau kai ne na huɗu." Na ji kunya, na juya. Sai bayan shekara biyu, da na sake karanta littafin, na tuna ban tambaye shi sunansa ba, balle inda yake kwana. Abin da ya kai ni bak ce. Ƙaramin Mour Ndiaye ke nan, nasa sa, nawa ƙosai.

Amma ina da ƙorafi biyu a kan littafin.

Na farko, nasarar mabaratan ba ta kai ko'ina ba. Mun yi dariya Mour ya sha ƙasa, to sai me? An rufe littafi, makaho na nan makaho, ƙoƙo na hannunsa. Yajin ya yi tasiri ne kawai saboda masu kuɗi sun tsorata, suna bin su da sadaka har bayan gari. Wato har a nasararsu, abincinsu na rataye da tsoron mai hali. Marubuciyar ta nuna mana bara wata kasuwa ce, wannan ya ba da nama, wancan ya ba da addu'a, amma ba ta matsa ta tambayi ko kasuwar ta dace ta ci gaba da ci ba.

Na biyu, ni a ganina abu mafi daraja a labarin shi ne tsakar gidan Salla Niang, kuma surutun siyasar Mour ya danne shi. A gidan nan ne mabarata ke taruwa, suna adashe kullum, suna da wurin da ba a korarsu. Ba don gidan ba, da yajin bai kwana biyu ba. Mutumin da ba shi da inda zai sa haƙarƙarinsa ba ya iya ce wa kowa a'a.

Wannan darasin ne ya shafe mu. Mu a Yamai ba mu da rowar abinci, a faɗi gaskiya. Ka je Babban Masallaci ran Juma'a ka ga yadda ake miƙa sadaka. Da azumi akwai kunu da dabino a masallatan unguwa, ga zakkar fid da kai, ga naman layya. Ƴan uwanmu Kirista ma na nasu, ta hannun Caritas da sistocin da ke Saga. Da kogi ya cika a 2020 ya ci gidaje a Haro Banda da Saga, mutane suka koma kwana a azuzuwan lakwal, an kai shinkafa da tabarmi, Allah ya saka. Sai dai kusan duk taimakonmu na ci yau ne. Bayan isha'i a kulle masallaci, wanda aka ciyar da rana ya je ya shimfiɗa kwali a ƙofar shago, ga sauro, ga sanyin hunturu.

Alhali addinin da muke bayarwa dominsa ya fi haka tsari. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa mutane kala takwas da zakka ta wajaba a ba su, har da wanda bashi ya danne da matafiyin da guzuri ya yanke masa. Zakkar kuɗi ɗaya ce cikin arba'in, haƙƙin talaka ce, ba sai ya yi maka addu'a ba. Akwai kuma waƙafi, mutum ya tsayar da gida ko rijiya don jama'a har bayan ransa. Kakanninmu ma sun san wannan: ai ma'anar zango ke nan, masaukin baƙo, kuma zauren mai gida ba a rufe shi ga wanda dare ya yi wa.

Idan muka tsaya a ƙoƙo kaɗai, mun ga inda abin ke kaiwa. A watan Oktoba 2013 an tsinci gawa 92 a hamada arewa da Arlit, yawanci mata da yara, ƙishirwa ta kashe su a hanyar Aljeriya. A watan Maris 2022 gwamnati ta kwaso ɗaruruwan ƴan ƙasarmu a jirgi daga titunan Dakar inda suke bara, akasari mutanen Kance da Magariya. Ku duba fa, ƙasar marubuciyar, shekara 43 bayan littafinta, an sake share titi, wannan karon namu aka share. Kéba Dabo bai mutu ba.

Wani kamarad ya ce mini sadakar ɓoye ta fi lada, kuma da zarar an ce a tara kuɗi wani zai cinye. Gaskiyarsa, mun sha gani. Amma maganin wannan lissafi ne a fili, a manna takarda a bangon masallaci kowane wata. Mu ƙaddara mutum 200 ke sallar Juma'a a wani masallaci, kowa ya sa dala ashirin. Jaka 20 ke nan a mako, jaka 80 a wata. Ba za ta gina gida ba, amma a fara da hayar ɗaki ko biyu don tsofaffin da ke kwana waje a layin. Mu ɗalibai ba mu da kuɗi, amma mun iya rubutu da lissafi. Mu za mu iya zagawa mu rubuta su wane ne, daga ina suke, me ya fito da su.

Ku sake karanta littafin, ya cancanta, kuma wannan karon ku daɗe a gidan Salla Niang. Ni dai na koma gindin bangon nan sau biyu neman Baba makaho. Mai shayin wurin ya ce tun damina bai ƙara ganinsa ba.