Otomatik Ta Ci Tsere, Amma Yaronka Ya Fara Da Kuloci

Duk wanda ya leƙa wuraren sayar da motoci a Haɗeja ko Kano a 'yan shekarun nan ya san abin ya sauya. Camry, Corolla, Accord, Sienna, kusan dukkansu otomatik ne. Saurayi ya tara kuɗinsa, kafin ya tambayi lafiyar inji sai ya tambayi dillali: "Otomatik ce?" In aka ce masa mai kuloci ce, sai ya yatsine fuska ya wuce gaba. Dalilin a fili yake. Yawancin ƙananan motocin da ke shigo mana ta Legas da Kwatano daga Amurka suke fitowa, can kuwa tun da kamfanin General Motors ya sa giya mai canza kanta a motar Oldsmobile ta 1940, mutanensu suka yi ta barin kuloci, har ya zama sai an tona kafin a samu mai tuƙa mota da shi.

In ka yi wa samarinmu maganar giyar hannu, hujjarsu ɗaya ce: ai su Ferrari ma sun daina yin ta. Gaskiyarsu, kuma bai kamata a yi musu gardama a kan wannan ba. A 1989 Ferrari ya shigo tseren Formula 1 da motar da direba ke canza mata giya da yatsunsa a bayan sitiyari, kuma a fitarta ta farko, a Brazil, Nigel Mansell ya ci tseren da ita. Cikin 'yan shekaru sauran kamfanonin tsere duk suka bi sahu. Daga baya dabarar ta sauko kan titi. A 2003 Volkswagen ya fitar da Golf R32 da giyabos mai kuloci biyu a ciki: ɗaya na riƙe da giya ta ɗaya, ta uku da ta biyar, ɗayan na riƙe da ta biyu, ta huɗu da ta shida. Kana tafiya a ta uku, ta huɗu na nan a shirye, kwamfuta ce kawai za ta saki wannan kuloci ta kama wancan. Babu ƙafar ɗan Adam da za ta yi wannan saurin. A wajajen 2012 Ferrari ya daina sayar da mota mai giyar hannu, Lamborghini ya bi bayansa da aka rufe ƙera Gallardo a 2013, Chevrolet Corvette ta 2020 ma ba ta zo da kuloci ba.

Sai dai labarin bai ƙare a nan ba. A 2013 Porsche ya fitar da sabuwar 911 GT3 otomatik zalla, masu saye suka yi ta ƙorafi. A 2016 ya gwada wata mai suna 911 R da giyar hannu, guda 991 kacal, aka wawashe su, masu sake sayarwa suka ninka farashi. A 2017 GT3 ta dawo da kuloci ga mai so. Abin lura shi ne alƙaluman kamfanin da kansa: daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 a awa, otomatik ɗin na ɗaukar daƙiƙa 3.4, mai giyar hannu kuma 3.9. Wato mutane sun san ta fi nawa, suka kuma sa kuɗinsu suka saya. Abin da suke nema shi ne su ji su ne ke tuƙin, kamar mahayin da ke riƙe da linzami ranar hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Haɗeja, wanda ba zai yarda a ja masa dokin da igiya ba ko da hakan ya fi sauƙi.

To wannan sha'awa ce ta masu kuɗin Turai da Amurka, kuma ba ita ta dame ni ba. Rabin daƙiƙa ba ta da wani amfani ga mai ɗauko buhunan shinkafa ko kwandunan kifi daga ƙauyukan Kiri Kasamma zuwa kasuwar Haɗeja. Abin da suke saye don nishaɗi, mu a nan abincinmu ne.

Ɗauki Baturiya. Dausayin nan an sa shi cikin jerin Ramsar na muhimman dausayoyin duniya a 2008, faɗinsa ya haura hekta 100,000, kuma da hunturu tsuntsaye na zuwa masa har daga Turai. Abin da ke jawo tsuntsayen shi ne ke wahalar da mota: ruwa. Daga Agusta zuwa Satumba, in kogin Haɗeja ya tumbatsa, hanyoyin da ke barin kwalta sukan koma taɓo da kududdufai, wasu ma sai kwale-kwale. Da rani kuma rairayi ne da ramukan da damina ta bari. A irin wannan ƙasa, tambayar da ta fi saurin mota muhimmanci ita ce: in ta tsaya a daji, me za ka iya yi mata?

Mai giyar hannu in batir ya yi sanyi, mutum uku su tura, ka sa ta biyu, ka saki kuloci, ta tashi. Otomatik ba ta tashi da turi, sai ka jira wanda zai kawo batir ko waya. In ta lalace gaba ɗaya, mai giyar hannu a cire ta daga giya a ɗaura igiya a ja ta har gareji. Otomatik kuwa famfon da ke zagaya da man giyarta inji ne ke juya shi, don haka jan ta tafiya mai nisa da inji a kashe, tayoyin da ke ja na ƙasa, yana iya cinye giyabos ɗin. Haka in ruwa ya shiga. A giyabos na hannu a zubar da man a zuba sabo, galibi shi ke nan. A na otomatik man yakan koma fari-fari, fayafayan da ke ciki su fara saɓulewa, bayan 'yan makonni mota ta fara fizga ko ta ƙi shiga giya. Canjin farantin kuloci kuwa aikin yini ɗaya ne ga kowane bakaniken da ya san hannunsa. Giyabos na otomatik yana son mai na'urar kwamfuta da man da aka rubuta masa takamaimai, kuma sau da yawa maganar takan ƙare ne da neman wani na Beljiyam a Kano. Wannan ya sa har gobe direbobin tasha ke riƙe da Golf da Sharon da tsofaffin a-kori-kura. Su sun yi lissafinsu da aljihunsu.

Ba na zaluntar otomatik. Wanda ya taɓa maƙalewa a cunkoson Kano da azahar ya san darajarta. Dattijo mai ciwon gwiwa, da mai lalurar ƙafa, da uwar da ke kai yara makaranta, duk ta sauƙaƙa musu rayuwa, kuma wannan ba ƙaramin alheri ba ne. Tsohuwar maganar cewa ta fi shan mai ta fi dacewa da tsofaffin masu giya huɗu. Na zamani masu giya shida ko takwas sun rufe wannan tazarar. Ko a rairayi, otomatik mai lafiya tana da nata amfani, domin ba ta yanke ƙarfi lokacin canza giya, a daidai wurin da sabon direba ke kafewa da kuloci. Wanda zirga-zirgarsa ke kan kwalta, kuma yana da halin kula da ita, ya saya abinsa da kwanciyar hankali.

Damuwata ita ce koyo. Muna tayar da samarin da ke riƙe da lasin, amma in aka ba su makullin motar da ke da feda uku sai su tsaya suna kallo. Irin wannan yaro ya rufe wa kansa ƙofofi da yawa: tarakta a gonakin shinkafa da alkama, tifa, a-kori-kura, motocin haya, da yawancin tsofaffin Hilux da Land Cruiser da ake shiga daji da su. Kuma kuloci malami ne. Shi ke koya wa mutum sauraren inji, ya san lokacin da kaya suka yi masa nauyi, ya san amfani da ƙaramar giya wajen rage gudu maimakon ya dogara da birki kaɗai. Direbobin da suka taso a kan Peugeot 504, wadda aka yi ta harhaɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975, da kunne suke gane ciwon mota tun kafin ta tsaya. Motar nan ta ci tseren Safari na Kenya a 1975 da 1978 a kan laka da ƙura irin namu, da giyar hannu. Wannan ilimin ba ya cikin takarda, daga hannu zuwa hannu yake tafiya, daga maigida zuwa yaron mota. In aka samu tsara ɗaya da ba ta karɓa ba, ya tafi.

A Ingila, wanda ya ci jarrabawar tuƙi da otomatik lasinsa na otomatik ne kaɗai. In yana son tuƙa mai kuloci sai ya sake zama. Ina ganin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da makarantun koyon tuƙi da take tantancewa ya dace su duba wannan tsari, ko ba komai a san abin da kowane direba ya iya. Kafin nan, aikin na iyaye ne da iyayen gida a tasha. In za ka koya wa ɗanka ko 'yarka mota, fara da mai kuloci, a fili mara jama'a, har sai ya iya tashi a kan tudu ba tare da ta koma baya ba. Wanda ya iya wannan, otomatik ba za ta ɗauke shi rabin yini ba. Wanda ya fara da otomatik kuwa, da wuya ya dawo ya koyi ɗayar.