Ma'adinai Masu Muhimmanci Ga Wa? Sharhi a Kan Manufar Gwamnati Daga Kuza Zuwa Litiyam



Maƙasudin wannan takarda shi ne yin sharhi a kan manufar da Gwamnatin Tarayyar Nijeriya take bi game da ma'adinai, musamman waɗanda ake yi wa laƙabi da "ma'adinai masu muhimmanci". Abubuwa biyu na ɗora a faifai, watau Dokar Ma'adinai ta 2007, da kuma matakan da Ma'aikatar Ma'adinai ta ɗauka daga 2023, shekarar da aka naɗa Dele Alake ministanta. Ni dai malamin makaranta ne, ban karanta ilimin duwatsu ba, saboda haka inda na yi tuntuɓe masana sai su yi gyara. Abin da nake son in nuna shi ne, wannan manufa da mai kawo jari daga waje take magana, shi take lallashi, shi take wa rangwame, alhali mutumin da ke cikin rami da gatari da shebur ba ta cika tunawa da shi ba sai ranar da za a kama shi. Za a kuma ga cewa wannan hali ya daɗe, don tun zamanin kuza ake yin sa.

Ya kamata mu fara da laƙabin kansa. Idan Amurka ko Tarayyar Turai suka ce ma'adini kaza yana da muhimmanci, abin da suke nufi shi ne masana'antunsu ba za su iya aiki ba sai da shi, kuma suna tsoron wata rana a hana su. A kan wannan tsoro ne Tarayyar Turai ta kafa dokarta ta ma'adinai a 2024, ganin cewa mafi yawan litiyam ɗin da ake yin batir da shi a ƙasar Sin ake tace shi. Ashe ke nan kalma ce ta mai saye. Mu kuwa masu sayarwa ne, amma muka ari kalmar muka yafa ba tare da mun tambayi abin da take nufi a gare mu ba. Muhimmancin da ya dogara da bukatar wani yakan gushe ranar da bukatar ta biya, kuma mutanen Filato sun fi kowa sanin haka.

Kafin Turawa su zo, mutanen Ririwai ta ƙasar Kano da na Liruwen Dalma ta ƙasar Bauchi suna wanke kuza, suna narka ta, suna zuba ta sirara-sirara kamar tsinke, fatake suna kai ta kasuwanni masu nisa. Waɗannan siraran sanduna ne ma'aikatan Kamfanin Neja suka gani a hannun fatake, suka bi sawu har suka iso tsaunukan Jos a farkon ƙarni na 20. Da mulkin mallaka ya kafu sai doka ta ce duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na Sarkin Ingila ne, aka yanka wa kamfanonin Turawa filaye, sana'ar maƙeran Ririwai ta mutu cikin 'yan shekaru. Kamfanin Neja kuwa, da aka karɓe mulki daga hannunsa a 1900, sai aka yi masa alkawarin rabin kuɗin da gwamnati za ta samu daga ma'adinan wani babban yanki na Arewa har shekara 99. Sai a 1950 aka fanshi wannan alkawari da kuɗi. Reluwen da aka ja daga Zariya zuwa Bukur, wanda ya fara aiki a 1914, don kuza aka ja shi, kuma aka rufe shi a 1957.

A 1942 Japan ta ƙwace Malaya, inda ake haƙo kuza mai yawa. Nan take kuzar Filato ta zama abin da a yau za a kira mai muhimmanci. Me ya biyo baya? Aikin tilas, wanda kakanninmu suka sani da diban gwamna. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗibar talakawa daga lardunan Arewa ana tura su haƙar kuza cikin sanyin Jos, ga yunwa ga cuta, da yawa ba su koma gida ba. A 1943 aka haƙo fiye da tan 17,000, adadin da ba a sake kaiwa ba. Wanda yake son cikakken bayanin wannan zamani sai ya duba littafin da Bill Freund ya wallafa a 1981 game da jari da ƙwadago a mahaƙar kuza. Haka aka sake yi da kwalambait, wani baƙin yashi da ake samu tare da kuza, da can ma zubar da shi ake yi. A farkon shekarun 1950, lokacin yaƙin Koriya, Amurka ta shiga sayensa da tsada tana tarawa saboda injinan jiragen sama, Nijeriya ta zama kan gaba a duniya wajen samar da shi. Da rumbunta ya cika sai ta ɗauke hannu, kasuwa ta faɗi. Kuzar ma ranarta ta zo a watan Oktoba na 1985, sa'ad da Majalisar Kuza ta Duniya ta karye, farashi ya rushe. Abin da ya rage wa manoman Bukur da Barikin Ladi shi ne manyan tafkuna a inda gonaki suke da, da tsibin ƙasar da ba ta yin amfani.

Na daɗe a kan wannan tarihi da gangan, domin duk wanda ya karanta Dokar 2007 da shi a zuciya zai ga tsohon zane ne aka rina. Sashe na 44 na Tsarin Mulkin 1999 ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya dukkan ma'adinai, kamar yadda dokar Turawa ta mallaka wa Sarkin Ingila. Dokar Filaye ta 1978 kuma ta sa ƙasa a hannun gwamnan jiha. Manomi dai na sama ba nasa ba, na ƙasa ba nasa ba. Daɗin daɗawa, Dokar 2007 ta fifita haƙar ma'adinai a kan sauran hanyoyin amfani da ƙasa. Mai jari kuwa an yafe masa haraji na shekara uku na farko, an yafe masa kuɗin kwastan a kan injinan da zai shigo da su, an ba shi damar fitar da ribarsa waje.

Adalci ne a faɗi cewa dokar ba ta rasa alheri ba. Ta kafa ofishi guda na rajistar filayen ma'adinai, wanda ya rage rikicin ba mutum biyu fili ɗaya. Ta wajabta wa kamfani ya ƙulla yarjejeniyar raya gari da mutanen wurin kafin ya fara haƙa. Ta tanadi lasisi na ƙananan mahaƙa, ta kuma ce a taimaka musu idan sun haɗu cikin ƙungiyoyin gama kai. Sai dai a dubi hanyar da aka shimfiɗa musu. Kafin mutum ya sami lasisi sai ya yi rajista, ya kawo taswirar filin da lambobinta, ya nuna shaidar yana da kuɗi da masanin aiki, ya biya kuɗin ofis, wanda aka ma ƙara shi a 2024. Duk kuwa da Ingilishi. Wane mai haƙa ne a dajin Anka ko Birnin Gwari zai iya wannan? Wanda zai iya shi ne attajirin birni, ya karɓi takarda ya ajiye a aljihu, ya jira mai saye. Ma'aikatar da kanta ta tabbatar da haka lokacin da ta soke lasisi 1,633 a watan Nuwamba na 2023 saboda rashin biyan kuɗi, ta ƙara soke 924 a watan Afrilu na 2024 saboda ba a aiki da su. Wannan mataki ya yi kyau, amma yana nuna irin hannun da takardun suke faɗawa. A 2017 an ware naira biliyan 5 ta hannun Bankin Masana'antu don ranta wa ƙananan mahaƙa, amma rancen banki da jingina yake tafiya, wanda ba shi da lasisi kuwa me zai jingina?

Sakamakon barin waɗannan mutane su yi ta kansu mun gan shi a Zamfara a 2010. Zinariya ta yi tsada a duniya, mutanen ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum suka shiga haƙa. Dutsen da suke haƙowa yana haɗe da dalma, su kuwa ba wanda ya gaya musu. Suna kawo shi cikin gida, ana daka shi a turmi ko a niƙa a injin, ƙura tana sauka a tsakar gida inda yara suke rarrafe. Yara kimanin 400 suka mutu a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Abare, dubbai suka kamu. Likitocin wata ƙungiyar agaji ta ƙasashen waje ne suka fara gano abin. Garin Bagega sai a 2013 aka saki kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Maganin kuwa ba wani abu ne mai wuya ba: a auna dutsen, a fitar da niƙa bayan gari, a riƙa jiƙa shi da ruwa. Aikin malamin gona ne, in da an yi wa mahaƙa irin nasu malamin kamar yadda doka ta ce.

Maimakon haka, amsar da gwamnati ta fi saurin bayarwa ita ce hani. A watan Afrilu na 2019 aka haramta haƙar ma'adinai a Zamfara saboda 'yan bindiga, aka ɗage hanin a watan Disamba na 2024. A cikin shekarun nan biyar da 'yan watanni, haƙa ba ta tsaya ba, ta'addanci bai tsaya ba, abin da ya tsaya kawai shi ne ɗan kuɗin da ke shiga baitulmali. A watan Maris na 2024 kuma aka kafa rundunar tsaron ma'adinai daga cikin jami'an Sibil Difens. Ba na musun cewa akwai ɓarayi a wannan harka, na gida da na waje, kuma fashewar nakiyar mahaƙa da ta rushe gidaje a unguwar Bodija ta Ibadan a watan Janairu na 2024 ta isa hujja. Amma kalmar "haramtacciyar haƙa" ta haɗa mai motocin tono da mai shebur a kwando guda, kuma mun san wanda ya fi sauƙin kamawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yanzu sai ginshiƙin sabuwar manufar, watau sharaɗin cewa ba za a ba kamfani lasisi ba sai ya nuna shirin sarrafa ma'adinin a cikin ƙasa. Indunisiya ta hana fitar da ɗanyen nikel daga 2020, Zimbabuwe ta hana fitar da ɗanyen litiyam a ƙarshen 2022, mu ma muka bi sahu. A watan Mayu na 2024 aka buɗe masana'antar litiyam ta wani kamfanin ƙasar Sin a Jihar Nasarawa, aka yi biki. Niyyar tana da kyau, na kuma goyi bayanta. Sai dai kalmar sarrafawa tana da faɗi, ana kuma amfani da ita a jawabai ba tare da an rarrabe matakanta ba. A fasa dutse, a niƙa, a wanke, a ware tsakuwa, wannan mataki ne na farko, kuma ribarsa kaɗan ce. Tace shi da magunguna har ya zama garin da ake yin batir, nan kuɗin yake, wannan kuwa yana bukatar wutar lantarki wadda ba ta ɗaukewa. Mu tuna an gina masana'antar narka kuza ta Makeri a Jos a farkon shekarun 1960, aka riƙa fitar da kuza narkakkiya, amma ba ta haifar da masana'antar gwangwani ko ta kayan lantarki a Filato ba, kuma da kasuwa ta faɗi ita ma ta bi. Litiyam ɗin ma farashinsa ya faɗi da fiye da kashi 70 cikin 100 tsakanin ƙarshen 2022 da 2024. Ganin Dala dai ba shiga birni ba ne.

Akwai kuma tambayar da ba a yi ba ranar biki: dutsen da masana'anta take niƙawa, wa ya haƙo shi, nawa aka biya shi? Na taɓa zuwa duba ɗalibanmu masu koyon aikin koyarwa a wata firamare ta ƙauye, na tarar da ajin manyan yara kusan rabi babu kowa. Da na tambaya sai aka ce suna wurin dutse. Da aka tashi na bi na gani. Yara suna tsince farin dutse suna cika buhu, dillali yana zaune a inuwa da sikelinsa, shi ne mai awo, shi ne mai faɗin ko dutse na da kyau, shi ne mai yanke farashi. Iyayen ba su san abin da ake yi da dutsen ba, balle nawa ake sayar da shi a Legas. Masana'anta tana iya tsayawa a ƙofar gidan mutum, ta saya ta hannun dillali da araha, shi yana nan yadda yake.

A nawa ganin, tallafin da ya dace da irin waɗannan mutane ba ya bukatar biliyoyi. A kafa wuraren saye kusa da mahaƙa, da sikeli na gaskiya da na'urar auna darajar dutse wadda mai sayarwa zai ga abin da ta nuna da idonsa. An gwada kusa da haka a shirin sayen zinariya na fadar shugaban ƙasa, wanda ya miƙa wa Babban Banki sandar zinariya ta farko a 2020, sai dai bai yaɗu ba. A riƙa sanar da farashi a rediyo kamar yadda ake sanar da na hatsi. A ba ƙungiyar ƙauye lasisi a hedkwatar jiharta da takarda mai sauƙi, tare da sharaɗin kada a ga yaro a rami lokacin makaranta. A tilasta wa kamfani ya ajiye kuɗin cike ramuka tun kafin ya sa gatari, wanda dama Dokar 2007 ta tanada, don kada Nasarawa ta gaji tafkunan Filato.

Mu da muke wannan zaure ma akwai namu kason. Yarjejeniyar raya gari da dagaci yake dangwala wa hannu da Ingilishi ake rubuta ta, haka sassan doka da suka yi maganar diyya da yardar mai gona. Sassan koyar da Hausa na jami'o'i da kwalejojinmu suna iya fassara waɗannan sassa, su daidaita kalmomin fannin, a karanta su a gidajen rediyon Gusau da Lafiya da Jos. Idan taro ya amince, ina ba da shawara a fara da sashen diyya.