Tsokaci Kan Busar Kakaki da Begila a Karkarar Arewacin Kano

Kundin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya lissafa kakaki cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya fara kawowa fada. Tun daga nan masana suka yi ta rubutu a kan wannan kayan sarauta. David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kiɗan Hausa a 1971, K. A. Gourlay kuma ya rubuta maƙala kan dogayen kakakin Arewa a 1982. Ayyuka ne masu amfani, sai dai ƙarfinsu yana wajen sunaye da tarihi da lokutan busa. Abin da malamin makaranta a Dambatta ko Bichi ko Dawakin Tofa yake bukata, wato yadda ake ɗora ƙarfe a baki, har yanzu a wurin tsofaffin mabusa yake, kuma suna ƙarewa.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin cewa kakaki ba shi da ramukan yatsa. Bututu ne zalla mai tsawon mita biyu zuwa uku ko fiye, a da na tagulla, daga baya maƙeran fari suka koma yin sa da garwar kananzir. Leɓen mai busa shi ne ke kaɗawa ya haifar da amo, bututun kuwa tacewa da ƙarawa kawai yake yi. Galibi murya biyu ake fitarwa, ta ƙasa da ta sama, kuma da su ake bin karin sautin Hausa har mai sauraro ya gane take. Idan muryar sama ta kasa fita tsab, take ya ɓace, saura ƙara kawai. Begilar da yaranmu ke busawa a faretin ranar yara ta 27 ga Mayu ita ma a kan wannan ƙa'ida take.

Babban aibin da nake gani ga matasan mabusa a hawan salla da faretin makarantu shi ne danna ƙarfe a leɓe. Yaro yana neman muryar sama, sai ya jawo begila da ƙarfin hannu ya matse leɓensa da haƙora. Muryar za ta fita, gaskiya ne, shi ya sa ɗabi'ar ke da wuyar bari. Amma matsin yana hana jini zagayawa, leɓe ya kumbura, bayan 'yan mintoci ya daina kaɗawa, yaron kuma ya ƙara dannawa. Wani sai ka ga shatar zobe a leɓensa, wani dasashi na jini. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan shekara 12 da haƙoransa na girma ba su daɗe da fitowa ba. Ko Louis Armstrong na Amurka, da duk shahararsa, ya sha fama da fashewar leɓe tun shekarun 1930. Hanyar da ta dace ita ce a ƙarfafa gefunan baki, a rage ƙofar da ke tsakanin leɓɓa, a turo iska da sauri daga ciki. Matsin da ake bukata shi ne iyakar wanda zai hana iska zurarewa.

Sai maganar muƙamuƙi. Yawancin mutane haƙoransu na sama sun ɗan shige gaban na ƙasa, saboda haka idan ba a turo haɓa gaba kaɗan ba, leɓen sama ne zai ɗauki nauyin duka. Wannan ne ma dalilin da ya sa begila takan ɗan sunkuya a bakin mafi yawan yara, kuma ba laifi ba ne. Malamin da ya nace sai kowane yaro ya miƙe ta sambal don layi ya yi kyau a idon manyan baƙi, ya sani cewa haƙoran yara ba iri ɗaya ba ne.

Ga kakaki lamarin ya fi tsanani, domin akan ɗaga shi sama, ga tsawo, wani lokaci ma a kan doki. Ku lura da tsohon mabushi: ba ƙarfen kaɗai yake ɗagawa ba, kai da ƙirji suna tafiya tare da shi, yadda zaman bakin kakakin a leɓe ba ya canjawa. Matashi kuwa yakan bar kansa a miƙe ya cilla ƙarfen sama da hannu, gefen bakin kakakin ya nutse a leɓen sama, muryar ta shaƙe.

Akwai kuma kwaikwayon masu algaita. A karkararmu algaita aka fi gani, don haka yara suka ɗauka cika kumatu shi ne alamar gwaninta. Mai algaita yana da hujjarsa: bakin algaitar gaba ɗaya a cikin bakinsa yake, leɓɓansa sun jingina da faifai, kumatunsa kuma rumbun iska ne da ke ba shi damar shaƙar numfashi ta hanci ba tare da busar ta yanke ba. Mai begila leɓensa ne ke aiki, kuma kumburin kumatu yana janye gefunan bakin da ya kamata su riƙe shi. Za a ce ai Dizzy Gillespie da kumatu ya yi suna. Haka ne, amma ba a gina darasin aji a kan mutum ɗaya.

Shawarata ga malamai ita ce kafin a ba yaro begila a sa shi ya yi mako biyu yana kaɗa leɓe ba ƙarfe, sannan a hutar da shi gwargwadon lokacin da ya yi yana busa. Hukumar nan kuma tana iya ɗaukar bidiyon bakin tsofaffin mabusa daga gefe, kusa-kusa, domin hotunan hawa da muke da su daga nesa aka ɗauke su, riga da doki suka fi nunawa.