Ku daina yi wa yaƙi kwalliya

Finafinan yaƙin da Japan ke yi yanzu sun fara isata. Jirgi na sheƙi, kyakkyawan saurayi ya yi sallama da matarsa, kiɗa na tashi a hankali, sai ya je ya mutu, mu share hawaye mu ce fim ya yi daɗi. Ku da kuka dame ni da The Eternal Zero na 2013, to na kalla. Mai fim ɗin, Takashi Yamazaki, ya iya aiki, ban musa ba. Amma wace irin mutuwa ce wannan, tsaf-tsaf, ba wari ba ƙuda?

Ina wannan ina Fires on the Plain na Kon Ichikawa, 1959! Tamura soja ne mai tarin fuka. Rundunarsa ta kore shi don ba abincin ba shi, asibiti ma ya ƙi shi, ya shiga gararamba a tsibirin Leyte na Filifin. Takalma sun mutu, haƙora na zubewa, 'yan uwansa sojoji na cin abin da suke kira naman biri, alhali ba biri ba ne. Kuma shi wannan abin tausayin, shi ya harbe wata 'yar ƙasar, ya kwashi gishiri ya wuce. Wa zai kalli wannan ya yi sha'awar kaki?

Ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. A sababbin finafinan, sai ka rantse Japanawa kaɗai aka kashe. Ina mutanen Sin? Masaki Kobayashi, wanda ya yi soja a Manchuriya, ya ba mu fiye da awa 9 a The Human Condition, ya nuna fursunonin Sin ana bautar da su a mahaƙar ma'adinai, ana fille musu kai. Bai rufa wa ƙasarsa asiri ba.

Na sani, za ku ce Grave of the Fireflies na 1988 ma wahalar Japanawa kaɗai ya nuna. Haka ne. Sai dai yunwa ce ta kashe ƙaramar Setsuko bayan an ƙone Kobe, kuma mai fim ɗin, Takahata, bai lulluɓe ta da tuta ba.

Shi kuwa Yamazaki, a Godzilla Minus One na 2023 ya bar wani matuƙin jirgin ƙunar baƙin wake ya tsira da ransa. Madalla. Ashe sai da dodo ya fito daga teku sannan ran soja ya yi daraja.