Zanen Bango a Ƙasar Hausa: Sharhi a kan Hanyoyin Nazarinsa

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne duba hanyar da masana suka bi wajen nazarin zanen bango a ƙasar Hausa, da nuna giɓin da muke ganin sun bari. Za mu yi haka ne ta kwatanta aikinsu da irin binciken da ake yi a tsofaffin majami'un Otodoks na Gabashin Turai.

2.0 Ayyukan da Suka Gabata

A 1963 A.H.M. Kirk-Greene ya fitar da ɗan littafi a kan gidajen Zariya masu ado. Bayansa Z.R. Dmochowski ya auna gine-gine masu yawa, aka buga aikinsa a 1990, sannan F.W. Schwerdtfeger ya kawo nazari mai faɗi a kan adon gidajen Zariya a 2007. Babu shakka waɗannan ayyuka sun adana mana siffofi irin su dagi da takobi da keke, waɗanda da yawansu ruwan sama ya riga ya wanke. To amma madogararsu ita ce hoto da awo da hira. Hoto kuwa fuskar bango kaɗai yake nunawa, ba ya faɗin abin da ke ƙarƙashin yaɓe.

3.0 Darasi daga Majami'un Otodoks

A majami'ar Boyana da ke gefen birnin Sofiya a Bulgeriya, shahararrun zane-zanen 1259 an yi su ne a bisa wani zanen da ya girme su. A irin waɗannan wurare masu bincike sukan ɓantari ɗan guntun bango da bai fi ƙwayar gero ba, su yanka shi a tsaye, su duba da madubin ƙara girma. Ta haka ake ƙidaya hawa-hawan shafe, a gane launin da aka samo daga jar ƙasa da wanda aka sayo daga nesa, a kuma rarrabe aikin asali da gyaran baya.

Sai dai ba za mu ɗauko wannan hanya ɗungurungum ba. Su can fenti ake shafawa a kan ɗanyen farar ƙasa, mu kuwa magini da hannu yake fitar da ado a jikin yaɓe. Saboda haka abin nema a wurinmu shi ne makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, da laso, wanda ake haɗawa da katsi da dafara da gashin jima. Inda aka tarar da siminti a bisa laso, an sami shaidar cewa gyaran bai girmi zamanin Turawa ba.

4.0 Abin da Ke Cikin Haɗari

Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, an lulluɓe shi da sabon gini cikin shekarun 1970, kuma wani sashe nasa ya rufta a 2023. Duk bangon da ya faɗi ba a ɗebi samfurinsa ba, shaidarsa ta tafi ke nan.

Wani zai ce ɓantarar bango ɓarna ce. Amsarmu ita ce a ɗiba daga inda ya riga ya tsage, da izinin mai gida, tare da magini a tsaye, domin shi ne ya san sunan kowane haɗi.

5.0 Kammalawa

Muna ba da shawarar a fara da gidajen ƙasa da suka rage a tsofaffin unguwannin Kaduna irin su Unguwar Shanu. Kaduna ta zama hedkwatar Arewa a 1917, don haka ana iya samun dattawan da suka san lokacin da aka gina gidajensu. Samfurin da aka san shekarunsa shi ne zai zama ma'aunin da za a gwada na Zariya da Kano da shi. Wannan aiki ne da sassan Hausa da na kimiyyar haɗa sinadarai a kwalejojinmu ya kamata su haɗa hannu a kansa.