Jinjina Ga Masu Tsaron Ƙarshen Titin Jirgi

Alhazan Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, ko daga Dutse suka tashi ko daga Kano, matuƙi suke yi wa addu'a, kuma ya cancanta. Ni tawa jinjinar ta ma'aikatan ƙasa ce.

Inda kwaltar titin jirgi ta ƙare, ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ta wajabta a bar fili shimfiɗaɗɗe na aƙalla mita 90, an fi son ya kai 240, domin jirgin da ya zarce ya samu inda zai tsaya lafiya. Ba a yarda da rami, kututture ko gini a cikinsa ba. Manomin Gagarawa zai ce an yi asarar gona, amma Kano ta san darajarsa: ranar 4 ga Mayu, 2002, jirgin kamfanin EAS ya zarce ƙarshen titi yayin tashi, ya kwashi ƙura, ya faɗa unguwar Gwammaja, aka rasa rayuka sama da 100.

Ma'aikatan ƙasa masu kula da wannan fili da titin, bayin Allah, su ke fita da asuba suna tsince ko da ƙusa ce, su kankare baƙin robar taya da ke sa santsi da damina, su sassabe ciyawa, su kori shirwa. 'Yan kwana-kwana kuwa minti 3 aka ba su su isa ko'ina a titin. A Amurka har kankare mai rugurgujewa ake shimfiɗawa ya riƙe taya. Mu nan idon ma'aikaci muka fi dogara da shi. Allah Ya saka musu da alheri.